Gajeriyar Gwafar Lokon Marke

Dalilin da ya sa ake ganin wata gajeriyar gwafa a kafe a Lokon Marke, wadda ƙarti ba sa jingina kaya a kanta, shi zan ba ku yau, yara. Sai dai ku yi mini haƙuri, wani sashen labarin ya kuɓuce mini. Na ji shi ne tun ina yawon neman karatu, a bakin wani mai tufkar igiya. Na manta garin da ayarin ya nufa, na manta ko gishiri suka ɗauko ko jemammun fatu. Abin da ya rage a kaina ke nan.

A zamanin da babu mota, a ka ake ɗaukar kaya. Masu wannan sana'a su ne 'yan alaro, wurin hutawarsu a hanya kuwa shi ake kira loko. Ba sa sauke kaya ƙasa in da hali. Mutum zai sa gefen kayansa a tsakanin rassan itace, ya tokare ɗaya gefen da sandarsa, ya sunkuya ya fice. In ya huta sai ya koma ƙarƙashi, ya gyara gammo, ya miƙe da kayansa ba tare da ya nemi kowa ba. A lokon nan wani babban marke ne ke wannan aiki, kuma rassansa daidai kan dogon namiji suke.

Wata rana da hantsi, ayarin Madugu Cindo ya yada zango a nan. Damina ta kawo kai, su ne ayarin ƙarshe a hanyar. Cikinsu akwai wani magidanci, Nomau, mai ƙarfi, marar yawan magana. Suna cikin shan fura sai ga wata tsohuwa ita kaɗai, ta rankwafa, da ƙatuwar tukunya a kanta, an cika ta da kanwa da dawa da daddawa. Ta zo gindin marken ta miƙa wuya, reshen ya fi ƙarfinta. Ta sake gwadawa, ba ta kai ba.

Nomau ya tashi ya kama tukunyar, ya ajiye mata a ƙasa.

"Sannu, Iya. Ina zuwa da wannan kaya haka?"

"Kwarin Maje, mijina," in ji ta, irin wasan da kaka ke yi da jika. "Jikata Hansai ta haihu. Uwarta ta rasu, mijin baƙo ne a garin, ba wanda zai dafa mata ruwan wankan jego. Wannan tukunyar da ita aka yi wa uwarta."

Ya miƙa mata ragowar furarsa. Ta sha, ta sa masa albarka, ta jingina da itacen, gyangyaɗi ya kwashe ta. Da Madugu ya ce a tashi, Nomau ya dube ta, ya ga bai kamata ya katse mata barci ba. Ya shiga ƙarƙashin kayansa ya bi sahu, zuciyarsa fari tas, yana ganin ya yi alheri.

Sai da azahar suka isa wani rafi. Babu itace a bakinsa, dole kowa ya sauke a ƙasa. Da za a tashi, abokin tafiyarsa Bagudu ya dafa kayansa ya ce, "Nomau, kama mini."

Nomau ya kama, ya aza masa. Sai ya tsaya cik, hannuwansa a sama.

"Lafiya?" in ji Bagudu.

"Tsohuwar nan. Wa zai aza mata?"

"Wani zai wuce."

"Wa? Mu ne na ƙarshe."

Bagudu ya yi dariya. "Daga ta ce maka miji shi ke nan ka ɗauka an ɗaura?"

Nomau ya tafi wurin Madugu ya faɗa masa. Madugu Cindo ya dubi hadarin da ke haɗuwa a gabas, ya ce, "In rafin gaba ya cika, mun maƙale. Ba zan tsayar da mutane ba. In ka koma, zan raba kayanka, kuma ba ka da gurbi a ayarina."

"Ranka ya daɗe, da ban sauke mata ba, da yanzu tana tafiya. Ni na ajiye ta a dajin nan."

Ya kwance gammonsa, ya juya.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya hango marken. Tsohuwar ta kwashe abin da ke cikin tukunyar, ta ƙulla a zane, ta kai gaba kaɗan ta ajiye. Ta dawo tana mirgina tukunyar a hankali bisa yashi, tana tare ta da gwiwa don kada ta fashe. Tun hantsi, ko jifa ɗaya ba ta yi daga lokon ba. Tafukan hannunta duk sun saɓule.

Ta ɗago ta gan shi. Ba ta yi faɗa ba.

"Ka manta wani abu ne?"

"Na manta, Iya," ya ce.

Ya mai da kayan cikin tukunyar, ya aza a kansa, ita ta riƙe sandarsa. Yayyafi ya same su a hanya. Da magariba suka shiga Kwarin Maje, suka tarar da Hansai kwance da zazzaɓi, jaririn na kuka, murhu a sanyaye. Tsohuwar ko ruwa ba ta sha ba sai da ta hura wuta ta ɗora tukunyar. Allah ya sa da sauran kwana, Hansai ta tashi.

Nomau kuwa, da yake ba shi da ayari, ya yi daminar a garin yana ƙodago. Wata rana ya saro itacen kirya mai baki biyu, ya kawo ƙofar gidan.

"Iya, tsaya nan in gwada tsawonki."

"Likkafani za ka yanka mini?"

"Wurin hutawa ne, in za ki koma gida."

Ta tsaya a rankwafe yadda take tafiya, ya sa alama daidai kanta. Ya kai gwafar lokon ya kafa kusa da marken. Amma ba ta taɓa jingina kaya a kanta ba. Bayan an gama wankan jego, ciwo ya kwantar da ita, a Kwarin Maje aka binne ta.

Shi ya sa har yau gwafar nan take gajeriya, kuma ƙarti suke bar wa tsofaffi ita. Shi ya sa kuma a hanyar nan, wanda duk ya sauke wa mutum kaya ba ya tafiya sai ya aza masa, ko da zai tashe shi daga barci.

Na daɗe ina tsammanin ƙage ne irin na masu hira. Bara na bi ta wurin da littattafaina a ka, na tambayi mutanen Kwarin Maje. Suka ce in gara ta cinye gwafar, zuriyar Hansai ne ke saro sabuwa, kuma da tsohuwar gwafar suke auna sabuwar kafin su tumɓuke ta. Ina saurayi na taɓa tsayawa kusa da ita, iyakarta ƙirjina. Wannan karon da na matsa, tsufa ya rankwafar da ni, littattafan suka zauna a bakinta daidai, ban ko miƙa wuya ba.