Mai Haƙar Rijiya da Farantin da Ba Ya Ƙarewa

Akwai wani mutum a wani gari, sana'arsa haƙar rijiya. Siriri ne mai ƙarfin damtse, in ya kama igiya zai sauka sai ka ce ƙadangare a jikin bango. Rabin rijiyoyin garin shi ya haƙa su, kowacce kuwa daidai faɗin jikinsa, gama shi ba ya son wahalar banza. In rani ya yi, ruwa ya ja baya, shi ake kira ya sauka ya yashe su. Da wannan yake ciyar da gidansa.

Ana nan sai wata mace, Maman Godiya, ta buɗe gidan abinci a bakin tasha. Abincinta ba a jiransa, kafin ka gyara zama an dire maka faranti. Ga soyayyiyar doya da ƙwai, ga taliya da manja da yaji, ga lemon kwalba mai sanyi har yana gumi. Ƙamshin kaɗai yakan sa mutum ya manta inda aka aike shi. Ranar farko mutumin nan ya shiga don ya gani da idonsa. Kashegari ya koma don ya tabbatar. Daga nan kuwa benci ya san shi.

To, shi dai tun yana ƙarami uwarsa ta koya masa ba a barin abinci a kwano, gama raina kyautar Allah ne. Saboda haka in ya ci sai ya suɗe farantin tas. Ita kuma Maman Godiya, a gidan da ta tashi an koya mata cewa baƙon da ya suɗe kwano bai ƙoshi ba, abin kunya ne ga mai girki. Da ta hango faranti fes sai ta taho da ludayi ta ce, "Ga gyara, Mai rijiya." Shi kuma ya tuna da uwarsa, ya sake suɗewa. Ita ma ta sake ƙarawa. Haka suka yi ta yi damina guda cur, kowa yana kiyaye tarbiyyar gidansu. Amma kada in ɓoye muku, ba tarbiyya kaɗai ba ce. Doyar tana da daɗi, ita kuma tana son ganin bencinta cike.

Wando ne ya fara ƙorafi. Matarsa ta yi masa magana, ya ce wanki ne ya tsuke shi. Ta kai wa tela ya buɗa, aka jima ta sake kaiwa, har tela ya ce yadi ya ƙare.

Da rani ya tsaya, rijiyar majami'a, wadda unguwa duka ke sha a cikinta, ta cika da laka. Aka kira mutumin nan da ya haƙa ta. Ya zo da fara'arsa, ya ɗaura igiya, maza uku suka riƙe. Ƙafafu suka shiga, gwiwoyi suka shiga, da aka zo kan ciki sai tafiya ta tsaya cak. Ba sama, ba ƙasa. Ƙafafunsa suna reto a cikin rijiya, hannuwansa suna waje yana kaɗa su. Matan da suka zo da bokitai suka juya baya don kada ya ga dariyarsu, amma kafaɗunsu suka tona musu asiri. Sai da aka ƙara maza uku, aka shafa masa man gyaɗa, sannan aka zare shi.

Ya taya su dariya. Amma ya sani duk rijiyoyin da ya haƙa bakinsu ɗaya ne, tun da shi ya auna su. In wannan ta ƙi shi, duk sun ƙi shi ke nan. Me yaransa za su ci?

Kafin ya kai gida kunyar ta juye ta zama fushi. Ya nufi wurin wani dattijon ikkilisiya ya ce, "Baba, matar nan ta bakin tasha ta kashe mini sana'a. Ita ta yi ta ɗura mini abinci kamar ragon kiwo."

Aka kira Maman Godiya. Ta durƙusa ta gaida dattijon, ta ce, "Baba, ni ban taɓa kamo shi a hanya ba, da ƙafarsa yake zuwa. Mutum ya suɗe faranti, in bar shi ya tashi da yunwa a ce na yi rowa?"

Dattijon ya ce shi ba ya iya shari'a da yunwa, su tafi can wurinta. Suka zauna a benci. Da ta zo zuba masa sai ya ce, "Rabin wannan ya ishe ni, 'yata." Ya ci a hankali, ya suɗe farantin tas. Ga ludayi ya taho. Sai dattijon ya ɗora tafin hannunsa a kan farantin ya ce, "Na ƙoshi, Allah ya yi albarka." Maman Godiya ta ce amin, ta koma wurin tukunyarta, ko a jikinta.

Mai rijiya ya saki baki. Ya ce, "Baba, shi ke nan?"

"Shi ke nan, ɗana. Damina guda kana zuwa nan, sau nawa ka faɗi haka?"

Mutumin ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Dattijon ya juya wurin matar ya ce, "Ke kuma, sau nawa kika tambaye shi kafin ki zuba? Ko ba ki ga rigarsa tana kuka ba?"

Ta rufe baki da gefen zane tana dariya. Ta ce, "Na gani, Baba. Ban tambaya ba."

A wannan shekara wani ne daga garin maƙwabta ya yashe rijiyar, abin kuwa ya yi wa mai rijiya ciwo ƙwarai. Ya kama noman rani a fadama don ya riƙe gidansa. Bai daina zuwa bakin tasha ba, sai dai rabin faranti yake ci, ita kuma takan tsaya da ludayi ta ce, "In ƙara?" Wani lokaci hannun yakan yi nauyi kafin ya rufe farantin, amma yana rufewa. Da rani ya zagayo ya sauka cikin rijiyar, yana ɗan gogar bango, unguwa duka tana tafi.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Gidan abincin shi ne duniyar nan da kayan daɗinta, masu saurin zuwa gaban mutum tun bai gama tunani ba. Rijiyar ita ce aikin da Ubangiji ya ba kowannenmu, wanda kwaɗayi yake iya hana mu shiga. Mai ludayi tana da nata laifin. Wanda yake sayar wa mutane abu, yana ganin yana cutarsu, ya yi shiru don bencinsa ya cika, ya zama abin tuntuɓe, zai kuwa amsa a gaban Allah. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutumin nan ya fake da uwarsa, ya fake da mai abinci, alhali kalma biyu ce, "Na ƙoshi," ta gagare shi. Mu ma haka muke, mukan ce abokai ne, waya ce, Shaiɗan ne, kamar ba hannunmu ne ya kai lomar baki ba. Ku roƙi Ubangiji kamun kai, yana bayarwa, ba ya gori.

Yau bayan sujada akwai shinkafa a harabar majami'a. Matan zumunta masu rabon abinci, ku tambaya kafin ku ƙara. Sauranmu kuwa, kowa ya zo da tafin hannunsa, kada wani ya kawo mini ƙarar matan zumunta mako mai zuwa.