Fenti a Kan Tsatsa

Ya kai mai karatu mai daraja, ko kai malamin makarantar Lahadi ne, ko uba mai tara iyalinsa domin addu'ar safe, ko kuwa matashi wanda Allah ya hore wa haƙurin karanta abu har ƙarshensa, baiwar da ta yi ƙaranci a wannan zamani: ina gaishe ka da gaisuwar salama. Mu da muka yi makaranta a lokacin da ake mai da ɗalibi ya sake rubuta shafi guda saboda ɗigo ɗaya, an hore mu kada mu raina ƙaramin abu. Saboda haka ka gyara zama, ka kasa kunne.

A wani ƙauye akwai wani maigida mai tsohuwar mota. Ita kaɗai ce mota a ƙauyen, ita ce kuma take kai marasa lafiya da masu naƙuda asibitin birni. Wata rana yana wanke ta, sai ya ga tsatsa a gindin ƙofar baya, daidai inda ƙofar take riƙe da jikin motar. Faɗinta bai wuce ɓawon gyaɗa ba.

Ya ce wa matarsa, "Maman Rifkatu, ina tunanin kai motar nan a yi mata fenti."

Ta yi dariya, ta ce, "Maigida, motar da ta girmi Rifkatu? Tsohuwa za ka sa wa lalle?"

Ya ce, "Tsohuwar nan ce ta kai ki asibiti ranar da kika haifi Rifkatun."

Ta ce, "Ai ban ce ta yi laifi ba. Ɗan tabo ne kawai."

Ya yi ta aunawa a zuciyarsa. In ya kai ta, ƙauye zai zauna kwanaki ba mota. In ya bar ta, damina za ta same ta haka. Da ya ga rani ne, ciwo kuma ya lafa, sai ya kai ta birni wurin wani mai fenti, ɗan ikilisiyarsu.

Ya ce masa, "Ɗana, ba ado nake nema ba. Ka kankare tsatsar nan sai ka ga farin ƙarfe, sa'an nan ka shafa fenti."

Mai fenti ya ce, "Baba, an gama. Sai ka rantse yau ka sayo ta."

To, Kirsimati ta gabato, motoci sun yi layi a ƙofar mai fenti, kankara kuwa aiki ne mai cin lokaci. Sai ya shafa fenti a kan tsatsar yadda take. Da ya ga wurin bai yi sumul ba, ya ɗauki ƙaramin buroshi ya rubuta a kai da kyakkyawan hannu: Godiya ga Allah. Ya ce, "Baba, wannan kyauta ce daga gare ni." Maigidan ya sa masa albarka, jama'a kuma suka yi ta yaba motar a harabar majami'a.

Da damina ta sauka, fenti ya kumbura a ƙarƙashin rubutun kamar ƙuraje. Maigidan ya ɗauko wuƙa domin ya duba, amma ya tsaya, ya ce, "Ni ne zan kankare sunan Allah?" Ya mai da wuƙarsa kube. Damina ta wuce, wata ta biyo.

Wata safiya aka kawo wani tsoho yana numfashi da ƙyar. Maigidan ya ja ƙofar baya domin a shigar da shi, sai ga ƙofa a hannunsa, gindinta ya zama gari. Kafin a nemo igiyar shanu a ɗaure ta, hantsi ya yi. Jinƙan Ubangiji ne kaɗai ya sa tsohon ya isa asibiti da rai.

Ga ma'anar wannan misali. Motar nan zuciyarka ce, wadda waɗansu suke dogara da ita ko ba ka sani ba. Tsatsa ita ce ƙaramin zunubi: 'yar ƙarya, ɗan ƙulli da maƙwabci. Kankara ita ce tuba, tana da zafi, tana cin lokaci. Fenti kuwa shi ne rigar Lahadi da zaƙin murya a cikin mawaƙa. Mai fenti shi ne duk wanda ya ga laifinka ya rufe shi da kalmomin ibada domin kada ranka ya ɓaci. Maigidan ma bai kuɓuta ba, gama ya ga kumburi, ya ji tsoron rubutu. Ka sani, sunan Allah ba ya son a ɓoye ruɓa a ƙarƙashinsa.

An kawo maganar ƙofar motar nan gaban dattawan ikilisiya, ni ne kuwa nake shugabancin zaman. Mai fenti ya durƙusa, ya amsa laifinsa. Tarar da na yanka masa ita ce: ya gyara ƙofar, ya kankare motar nan duka da hannunsa a harabar majami'a, a idon jama'a, ba lada, kuma har ranar da za ta koma hanya, duk wanda ciwo ya kama a ƙauyen, mai fentin ne zai nemo motar da za ta kai shi asibiti.