Tsagar Rawanin Soron Mijinyawa

Ku matso kusa, ku ajiye gyaɗar nan! Yau na zo muku da wadda za ta sa tuwonku ya huce kuna gardama.

A wani gari an yi wani falken goro, sunansa Mijinyawa. Ya gina soro bene wanda ake hangowa tun daga bakin kasuwa, aka kewaye samansa da rawani, wato 'yar katangar nan da ake ɗorawa a gefen rufi. Da damina ta kankama, sai ɗakin sama ya fara yoyo. Mijinyawa kuwa taurin kai gare shi, ya ce shi da ya keta dazuzzuka ba zai kira magini don ɗigon ruwa ba. Ya hau da kansa, santsi ya kwashe shi, ya faɗo barandar bene, ƙashin ƙugu ya karye.

Maɗori ya ɗora shi nan ɗakin sama, ya ce duk wanda ya motsa shi kafin ƙashi ya kama, ya gurgunta shi ke nan. To ga ruwa na ɗiga daidai kan gadon, azara ta jiƙe ta fara lanƙwasa, ƙasa na marmasowa kan bargo. Aka kira maginan gari, suka duba, suka ce ba a yaɓe da damina, kuma rufin nan ba zai ɗauki wani babban ruwa ba. Tsoro ya kama tsoho. Ya tara 'ya'yansa uku, ya ce, "Wanda ya hana rufin nan danne ni, soron nan nasa ne!"

Babban, Cindo, marini ne. Kowa ya ɗauka ɓarakar tana yamma, inda ake ganin ɗigo, nan ma uban ya je liƙewa ya faɗo. Cindo ya ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, kuma ba lalle a ƙofar raminsa ake ganinsa ba. Ya kinkimo tulun ruwan baba shuɗi da na karan dafi ja. Ya tsiyaya shuɗin a rawanin yamma, aka zuba ido, shiru. Ya tsiyaya jan a na gabas. Jim kaɗan sai ga jan ruwa, ɗis, a goshin tsoho! Mijinyawa ya kwarma ihu, ya zaci jini ne. Ashe tsagar tana can bayan indararon gabas, ruwa na shiga cikin katanga, ya bi azara ya ratsa ɗakin kaf kafin ya ɗigo.

Ta biyu, Lantana, tana aure a unguwar majema. Ta ce in aka cusa ɗanyar ƙasa a tsagar nan, ruwan farko zai wanke ta, sai dai laso, yaɓen nan da ruwa ba ya ci. Ta zari zanenta, ta bi marina tana roƙon katsi, tokar nan ta gindin rijiyar rini. Ta kwashe gashin awakin da mijinta ya tara, ta shiga daji ta haƙo saiwar dafara da hannunta. Ta daka, ta jiƙa, ta kwaɓa, har tafukanta suka ɗure ruwa. Lason ya yi danƙo, in ka manna shi a dutse sai da wuƙa. Tana cikin juyawar ƙarshe gabas ta yi baƙi ƙirin.

Autan, Ɓarau, mai hawan giginya ne, wanda uban kan ce da shi ɗan'uwan biri. Tsagar tana fuskar waje, tsani bai kai ba, rawanin kuma ya yi laushi, wanda ya jingina da shi sai ƙasa. Ɓarau ya ɗare dabinon da ke jikin soron, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya rataya ƙoƙon laso a wuya, ya saki jiki yana lilo. Gari ya taru, mata na salati, iska na wujijjiga Ɓarau. Ya kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa, ya cusa laso har wuyan hannu, ya gyara zaman indararo, ya karkata kan rawanin yadda ruwa zai gangare. Yana shafar ƙarshe aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya!

Wohoho! Indararo ya dinga feshi har tsakiyar hanya, ɗakin sama kuwa ko ɗigo. Mijinyawa ya yi ta dariya har ƙugu ya tuna masa. Da kaka ta yi, ya sauko bene da ƙafarsa, sai ya tarar da su ukun a zaure suna jiransa.

Cindo ya ce, "Baba, ba don ni ba da yamma za a liƙe." Lantana ta ce, "Yaya, da me za a liƙe?" Ɓarau ya ce, "Ku da kuka tsaya kallo?"

Tsoho ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce wallahi karayar ƙugu ta fi masa sauƙi. Soro ɗaya ne, ba ya rabuwa, alkawari kuma kaya ne.

To, ku da kuka ji, wa za a miƙa wa mabuɗin soron nan: mai rini, ko mai laso, ko mai igiya?