Mai Askin da Ya San Wanda Ya Kashe Yarima

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai aski wanda Allah ya rufa wa asiri daidai gwargwado. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi: kujera biyu, dogon benci, madubi mai tsaga a gefe, da fankar da sai an buge ta take juyawa. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, ga hannu mai laushi da bai taɓa yanka kunnen kowa ba. Wanda aka ba wannan ai godiya ta kama shi. Aibinsa ɗaya ne: bakinsa ya fi almakashinsa sauri, har aka laƙaba masa Gidan Rediyo, shi kuwa yana jin daɗin sunan.

A ƙasar tasu akwai wani yarima da jama'a ke so ƙwarai, domin yakan shiga asibiti ya zauna a gefen gadon talaka kamar ɗan uwansa. Wata rana ya ci abincin rana, ya tashi zai hau bene, ya faɗi a matakala ta uku. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Shekararsa arba'in da biyu.

Kun san halinmu. Talaka ya mutu mu ce kwanansa ne ya ƙare. Babba ya mutu mu ce wa ya kashe shi? Kamar dai mala'ikan mutuwa ba ya shiga gidan sarauta sai an buɗe masa ƙofar baya. Wasu suka ce ƙaninsa ne, don gadon mulki. Wasu suka ce ƙasashen waje ne. Wasu ma suka rantse bai mutu ba, an gan shi a filin jirgi da baƙin tabarau.

To, a cikin masu zuwa aski a shagon nan akwai kukun gidan yarima, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya shekara goma sha biyar ba ya ba kowa kansa sai Gidan Rediyo. Kwana goma da rasuwar ya zo da hantsi, shago ba kowa. Kun san kujerar aski: da an ɗaura wa mutum ƙyalle a wuya, ya sunkuyar da kai, sai zuciyarsa ta buɗe. Dattijon nan ya fara hawaye. Ya ce tun da ya kama aiki a gidan, kwano bai taɓa fita daga kicin ba sai ya ɗanɗana cokali guda, amma ranar yana azumin nafila, bai sa komai a baki ba.

Ya ce, “Abin da ke cina, ɗan uwa, ban sani ba ko gishiri ya yi yawa a abincinsa na ƙarshe.”

Iyakar damuwarsa ke nan, gishiri. Mai aski ya ba shi haƙuri, ya kakkaɓe masa wuya, suka rabu.

Da la'asar benci ya cika. Wani direba ya zo da sabon labarin ƙasashen waje, kowa ya juya yana saurarensa, aka bar Gidan Rediyo da almakashi a hannu ba mai kallonsa. Abin ya yi masa ciwo. A shagonsa, a kan bencinsa, wani ya ƙwace masa majalisa? Sai ya yi gyaran murya ya ce, “Ku bar zancen nesa. Ku je ku tambayi kukun gidan, shekara da shekaru yana ɗanɗana abincin yarima, me ya sa ranar bai ɗanɗana ba? Da bakinsa ya gaya mini, a kan kujerar nan.”

Ku lura da kyau, 'yan uwa. Bai yi ƙarya ko kalma ɗaya ba. Ya dai raba gaskiya gida biyu, ya ba jama'a rabi, ya ɓoye azumin da gishirin a aljihu. Wani a kan bencin kuwa ya riga ya danna wayarsa yana ɗaukar murya.

Kafin sati muryar ta zaga ƙasa. Shago ya cika maƙil, har masu sanƙo na zuwa aski. Gidan Rediyo ya ga kansa ya zama babban mutum. Shi kuwa kuku aka dakatar da shi daga aiki, 'yan sanda suka yi ta kiransa, aka jefe masa taga, 'ya'yansa suka daina zuwa makaranta. Yana da tsohuwa a gida, mahaifiyarsa, ido ya yi rauni amma kunne garau. Tana zaune a ɗakinta take jin ana kiranta uwar mai guba ta bayan katanga. Ta daina cin abinci. Wata biyu ba su cika ba aka kai ta makwancinta.

Duk wannan mai aski yana sane. Ya san jimla ɗaya za ta gyara komai. Matarsa ta roƙe shi ya fito ya faɗi sauran maganar, ya ce gobe. Gobe ta yi, ya dubi bencin nan cike da masu jiran bakinsa, ya kasa.

Alhamdu lillahi, Ubangijinmu ba ya barin wanda aka zalunta har abada. Iyalan yarima suka fito da bayanin likitoci: ashe ciwon zuciya gare shi tun yana saurayi, shi ya hana a faɗa don kada a riƙa tausayinsa. Aka wanke kuku, aka mayar da shi aikinsa.

Kuna tsammani masu son labarin makirci suka haƙura? Ina! Sai suka ce to, wa ya tura mai askin nan ya karkatar da hankalin jama'a daga masu kisan na gaskiya? Lalle da shi aka ƙulla. Hujjarsu kuwa muryarsa ce, ga ta a kowace waya. Masu hankali kuma suka janye ƙafa, don wa zai miƙa wuyansa ga mai reza alhali ya san yana sayar da abin da ya ji? Aka fasa madubin. Mai ginin da yake haya ya ce a ba shi shagonsa. Matar ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta saboda jifa. Mai aski ya dawo yana yawo da jakar kayan aski a kasuwannin da ba a san fuskarsa ba, yana aiki baki a rufe, don da ya yi magana za a gane muryar.

Da wuya ta yi wuya, ya tafi gidan kuku, ya durƙusa a ƙofa yana kuka. Dattijon ya ɗaga shi, ya zaunar da shi, ya kawo masa ruwa. Ya ce shi ba shi da abin faɗa sai godiya ga Allah da ya wanke shi tun yana da rai, ya nuna masa masoyansa na gaskiya, ya kuma tsare harshensa bai zagi kowa ba. Ya ce nasa haƙƙin ya yafe tun tuni. Mai aski ya ji sanyi ya ratsa shi, yana ta godiya, har ya fara miƙewa.

Sai dattijon ya ce, “Saura na Inna. Ita ba ta ji bayanin likita ba. Wannan ba ni da ikon yafe maka, sai kun haɗu.”

Mai aski ya koma ya zauna.

Ya 'yan uwa, kada wani ya koma gida yana cewa kai, wannan mai aski ya yi mugun hali. Ni da ku sau nawa muka tura abin da ba mu tabbatar ba, don kawai a ce mu muka fara ji? Sau nawa muka faɗi rabin magana muka kwana lafiya? Bambancinmu da shi ɗaya ne: shi an ɗauki muryarsa, mu Allah ya rufa mana asiri. Wallahi wannan rufin ni'ima ce, kuma ni ina gode masa a kanta, domin na san abin da bakina ya taɓa furtawa. Mu gode masa da ya sa mutuwa a hannunsa shi kaɗai, ta sarki da ta talaka, ba sai mun nemo mata mai laifi ba. Mu gode masa kuma da waɗanda muka ɓata wa suna yawancinsu suna nan da rai, ana iya zuwa a ƙwanƙwasa musu ƙofa. Wanda ya san yana riƙe da sauran wata magana, ya je ya faɗe ta yau.

Ya Allah, mun gode maka da suturar da ka lulluɓe mu da ita. Ka kiyaye mu daga sharrin harsunanmu da yatsunmu, kada ka ɗauki ranmu da haƙƙin wanda ba za mu iya roƙonsa gafara ba. Amin.