Ranar da Tayoyin Suka Juya Tare

An yi wani mutum a wani gari, shekaru masu yawa da suka shige, wani bawan Allah bakanike da ake kira Sallau. Shekara talatin yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, har garin ya yi masa shaida guda: Sallau ba ya kuskure. Ku riƙe wannan shaida, domin ita ce duk abin da ya mallaka.

Kafin in ci gaba, bari in bayyana muku wani abu. Motar da tayoyin baya ke turawa tana da wata tukunyar ƙarfe a tsakaninsu, cike da haƙora, wadda ke raba musu ƙarfin inji. Ta gama-gari tana da aibi: idan taya ɗaya ta hau laka, sai ta yi ta juyawa a banza, wadda ke kan tsandauri kuwa ta tsaya cik. Akwai kuma mai tsada, wadda ke riƙe tayar da ke sulɓi, ta miƙa ƙarfin ga wadda ta kama ƙasa. A ido, ba a bambanta su.

A mako guda aka kawo wa Sallau motoci biyu iri ɗaya, masu ƙarfin gaske. Ɗaya ta Alhaji Mamuda ce, manomin shinkafa mai kaifin harshe, wanda ya sa wa tasa tukunya mai tsadar saboda hanyar fadama; ɗayar kuwa ta gama-gari ce a jikinta. Sallau ya kwance tukwanen biyu, ya gyara, ya ɗaura. Alhaji ya ɗauki motarsa yana yabo.

Bayan kwana uku, da hantsi, Sallau ya ɗaga ɗaya motar da jak, ya juya taya guda da hannu, kamar yadda ya saba. A ta gama-gari, idan ka juya ɗaya gaba, ɗayar baya take komawa. To, ku saurara. Tayoyin nan suka juya tare. Ya sake. Tare dai. Sai ya zauna daɓas a ƙasa, domin ya gane ya musanya tukwanen.

Abokin sana'arsa Ilu ya ji labari, ya yi dariya. "Haba Sallau, wa ya gani? Rani ake yi. In Alhaji ya maƙale da damina, laka zai zaga, ba kai ba. Kuma jibi za a zaɓi shugaban makanikai, kowa sunanka yake kira. Ka bari a gama mana, sai ka je!"

Sallau ya ce, "In na jira jibi, mutumin da ba ya kuskure za su zaɓa. Yanzun nan na duba, babu shi."

Ya saɓa jak a kafaɗa ya tafi. Ya tarar da Alhaji a ƙofar gida cikin jama'a, ya roƙa su keɓe. Alhaji ya ce, "Faɗi a nan, babu baƙo."

"Ranka ya daɗe, abin da ke ƙarƙashin motarka ba naka ba ne. Ni na musanya."

"Wasa kake yi, tsoho! Kwana uku ina tuƙa ta lafiya."

Jama'a, an ba shi ƙofar fita a karo na biyu. Bai bi ba. Da hannunsa ya ɗaga motar, da hannunsa ya juya tayar, ɗayar ta koma baya a idon kowa. Alhaji ya zazzage masa abin da ke bakinsa, har ya ce a tambaye shi ko idonsa ya fara mutuwa. Sallau yana durƙushe, ya ce, "Gaskiya ne, a ba ni zuwa la'asar." Kafin la'asar ya mayar wa kowace mota tukunyarta. Jibi ta zo, aka zaɓi Ilu.

Alhaji Mamuda bai taɓa ba shi haƙuri ba. Amma har ya rasu, bai sake sayen mota ba sai Sallau ya shiga ƙarƙashinta. In an tambaye shi dalili, sai ya ce, "Duk suna kuskure. Wannan ne kaɗai ke biyo ka da shi har gida."

Na daɗe ina juya labarin nan a raina, kuma ba ya barina in sake. Darasinsa a fili yake: amana ba rashin kuskure ba ce, amana ita ce bayyana kuskuren da babu wanda zai gano, a lokacin da bayyanawar ke da ciwo. Zukatanmu irin tukunyar gama-gari ce. Ƙarfinmu duk yana gudu wajen da ya fi sauƙi, mu yi ta kawo uzuri, ba ma gusawa ko taku ɗaya.

Kowa a nan, har da mai magana, yana da aikin da ya fita daga hannunsa da aibi, mai shi bai sani ba, yana ma yi mana godiya. Kada mu jira jibi. Allah Ya ba mu ikon saɓa jak ɗinmu tun yau.