Tarin Injin Barira

Ku gyara zama, wannan ba ta dariya ba ce, ni kaina ta gajiyar da ni.

Barira mai injin markaɗe ta shekara goma sha ɗaya tana shan duka a hannun mijinta, har kunnenta na hagu ya daina ji. Sau huɗu tana gudu gidan yayanta Ɗanlami, sau huɗu yana mayar da ita, wai ta yi haƙuri, aure ya gaji haka. Daga baya ko kukan ma ta gaji da shi. Abin da ya rage mata kawai tsoron kada wata rana a fitar da gawarta.

A ƙaramin gidan rediyon garin akwai wasu ma'aikata uku.

Sahura, mai ɗauko rahoto, ta ji ƙishin-ƙishin. Ta san in ta shiga da na'urar ɗaukar murya mijin zai gane, sai ta riƙa zuwa da bokitin wake kamar mai kawo markaɗe. Wata uku tana sintiri, 'ya'yanta har sun tsani ƙosai, kafin Barira ta yarda ta buɗe baki, ta ɗauki muryarta a ɓoye.

Tanimu, mai haɗa sauti, ya sauya muryar, ya cire sunaye. Har an ce aiki ya kammala, sai ya jiyo injin yana tari can ƙasa-ƙasa, tarin da duk unguwar ta sani. Kwana biyu ya yi yana tsince shi. Da ya bar shi, da mijin ya gane tun kafin a gama shirin.

Malam Sallau, edita, ya saba jefa irin wannan labari cikin shirin barkwanci, a kira shi rikicin ma'aurata, a yi dariya a wuce. Wannan karon ya ƙi. Ya sa shi bayan labaran la'asar, lokacin da maza ke zaune a majalisa, kwana uku a jere, manajan gidan rediyon yana ta faɗa.

A rana ta ukun Barira ta je gaida yayanta, ta tarar yana ta zagin dangin matar da ya ji a rediyo, wai ba su da zuciya, sun zuba ido za a kashe musu 'yar'uwa. Ba ta ji haushi ba, gajiya kawai ta ji. Ta bari ya gama.

"Yaya, ni ce," in ji ta.

A ranar Ɗanlami bai mayar da ita ba, kuma ba ta sake komawa ba.

Bayan sati biyu ta aika da kwanon alale ɗaya gidan rediyon, ta ce a ba wanda ya cece ta. Yana nan kan tebur yana hucewa, su ukun sun kasa miƙa hannu.

To, ku da kuka saurara, wa za a miƙa wa kwanon nan?