Littattafan Malam Barnabas a Cikin Randa

Akwai wani tsohon malamin firamare a Tafa, Malam Barnabas. Shekara goma sha tara ya yi yana bin tsofaffin mata ƙauye-ƙauye, yana rubuta waƙoƙin da suke rerawa wajen ginin tukwane. Yawancinsu sun rasu. Abin da suka bari yana cikin littattafansa guda shida.

Ya taɓa buga kaɗan daga ciki. Wani marar kunya ya ɗauki hoton shafukan da waya, ya cire sunan Malam, ya sa nasa, ya watsa. A kasuwar Sabon Wuse wani ya miƙo wa Malam waya yana cewa, "Baba, duba ka ga mai ƙoƙari irinka."

Malam ya duba, ya ga shafukansa ne da sunan wani. Ya koma gida, ya zuba littattafan cikin randa, ya liƙe bakinta da laka kamar yadda ake ajiye iri.

'Yarsa Miriam ta roƙe shi. "Baba, bari in ɗauka a waya, in sa sunanka a kowane shafi. 'Yan makaranta suna nema."

"Wayar da ta yi min sata? Ba ta ƙara ganinsu."

"Mutum ne ya yi satar, Baba."

"Na gama magana."

Damina huɗu randar tana ƙuryar ɗaki. Ran nan wata mata mai suna Philomena ta zo ta durƙusa. Kakarta, wadda Malam ya taɓa rubuta waƙarta, ta rasu, kuma babu wanda ya riƙe waƙar a gidansu. So suke a rera ta wajen jana'iza.

Malam ya tashi ya jawo randar. Da hannunsa ya fasa lakar.

Ashe gara ta shiga ta tsagar gindin randar. Ƙasa ya tarar, sai guntayen bangon littattafan. Ya zauna daɓas yana ƙoƙarin tunowa, hawaye na zuba. Layi biyu kacal suka zo masa. Da su aka binne tsohuwar.

Darasi: Kai mai goge sunan mutum daga aikinsa, ɓarawo ne kai, ko da yatsa ɗaya ka yi. Kai kuma mai ilimi, ka nemi haƙƙinka, amma kada ka kulle abin da jama'a suka ba ka amana. Ku tura wa 'ya'yanku su karanta, kuma ku koya musu neman izini kafin su kwafi aikin wani.